Kiɗan da Tafin Hannu ke Ji

Zuwa ga Wasila, sanyin idanuna, ruwan randata a tsakiyar bazarar Sakkwato, farin watan da na gani ban ƙara ɗaga kai neman wani ba. Amincin Allah ya tabbata gare ki. Yaya ƙarfin jiki?

Jiya Hasana, yayarki, ta tare ni a bakin titin Sama ta gaya mini abin da ya hana ni cin abinci: wai kin roƙi Baffa Jelani ya mayar wa iyayena kayan sa rana ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Wai kin ce makaɗi bai dace da matar da ba ta ji ba. Haba Wasila! Wa ya ba ki wannan fatawa? Sanƙarau ya kwantar da ke wata biyu, Allah ya tashe ki, ya karɓi jinki ya bar mana ke, muna ta godiya. Ashe ke kina can kina shirin ƙarasa mini abin da ciwo ya fara?

Kin tuna yammacin nan a Kwalkwalawa, da kuka zo ganin gonar shinkafar kawunki, na biyo ku da jita a kafaɗa kamar mai tallarta? Ina cikin kaɗawa kika ɗaga yatsa kika ce tsirkiya ta uku ta saki. Na yi gardama, na duba, ashe ta saki. Kika yi ta dariya, kina cewa a ba ki jitar ni in koma korar tsuntsaye. Duk garin nan ba kunnen da ya kai naki, kuma saboda kunnen nan na fara sonki, ba zan ɓoye ba. Amma ba a nan son ya tsaya ba.

Na san inda na yi ɓarna. Ranar da na zo zaurenku a Runjin Sambo bayan an sallamo ki daga asibiti, na kaɗa miki waƙar da kika fi so, da saitin tsirkiyoyin nan mai daɗi da kowa ke amfani da shi. Kina kallon yatsuna, kina murmushi. Na tsagaita don in gyara zama, ke kuwa kika ɗauka an gama, kika tafa. Ni kuma, wawan duniya, na yi dariya. Wayyo ni! Na ga lokacin da hannuwanki suka koma cikin hijabi. Baki shi ke yanka wuya, nawa ko kalma bai furta ba ya yanka ni. Ki yafe mini, don girman Allah.

Tun ranar ban ƙara kaɗa saitin nan ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, haka na ce wa kaina. Na toshe kunnuwana da auduga, na naɗa rawani a kai, na zauna ina murɗa tsirkiyoyi shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Na sassauta manyan har suna kaɗawa kamar igiyar shanya. Na ɗaure wata har ta tsinke ta tsaga mini yatsa. Maƙwabcina Sharifuddeen ya leƙo ya tambaya ko akuya ce ta maƙale a ɗakina. A situdiyon da nake aiki an ce in huta tukuna sai hankalina ya dawo. Ban ji haushinsu ba, gaskiyarsu ce, abin ba daɗin ji.

Sai ranar Litinin na gano wani abu. Idan na sassauta manyan tsirkiyoyi biyu na kawo su kusa da juna, kusa ƙwarai amma ba daidai ba, sai su kama faɗa. Kunne yana ƙin sautin, amma katakon jitar sai ya riƙa bugawa, ya kumbura ya saki, ya kumbura ya saki. Na ɗora haɓata a kansa, na ji shi a haƙorana, na ji shi har ƙashin ƙirji. In na matso da su bugun ya yi sanyi, in na raba su kaɗan ya yi sauri. Da wannan saurin da sanyin na haɗa miki waƙa, Wasila, waƙar da duk mai kunne zai gudu ya bar ta. Na yi kuka da na gama, ba kunya zan faɗa.

Sai dai ga abin da ke cin raina. Auduga ba kurumta ba ce. Duk yadda na toshe ina jin wani abu, saboda haka ban sani ba ko abin da na gina gaskiya ne ko yaudarar kaina nake yi. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya raba wannan gardama. Za ki bar ni da ita har abada? Za ki bari a ɗauki goro da alewar da dangi suka sa wa albarka a mayar, ba ki ɗora tafin hannunki a katakon nan ko sau ɗaya ba?

Ba na roƙon ki ji. In kin ɗora hannu ba abin da ya iso gare ki, jita ce ta gaza, zan rataye ta in nemi wata sana'a, ina da hannuwa biyu. Na ma fara koyon maganar hannu, kalma goma sha ɗaya na iya, kuma Hasana ta ce ina yin su kamar mai korar ƙuda. Ki zo ki gyara mini, ke da kika saba gyara ni.

Ranar Alhamis bayan la'asar zan zo ƙofar gidanku. Na nemi izinin Babanki, ya ce magana tana hannunki. Zan yi sallama kamar yadda na saba, sau uku, na kuma san ko ɗaya ba za ta kai gare ki ba. Don Allah, Wasila, ki leƙo.

Naki a jiya, naki a yau, naki ko Juma'a ta zo da me,
Zulkifilu