Baƙon Da Ba Shi Da Tsaga

Angona Bello,

Ƙulun ƙulufit: me ake tofarwa ƙasa, amma ya san kakan kowa?

Kana lafiya? Ya iyali, ya aiki?

Ka tuna Sani na Gummi, wanda ya ce shi ɗan ƙanen kakanka ne, kakanka ya kore shi don ba tsagar gidanmu a fuskarsa? Gwajin DNA da ka matsa aka goga wa Sani da kakanka auduga a baki ya fito. Jininsu ɗaya ta wajen uba. Amma kafin takardar ta iso Anka, Sani ya rasu. Kakanka ya daina cin tuwo. Jiya ya je ya ɗebo marayun da Sani ya bari.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida matarka.

Kakarka Hajo.

Raggo, ba ka cinta ba. Miyau ne.