Itatuwan Ummu Nasir

Riyad, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Na rubuta wannan a takarda na tura wa ƙanwata Zuhura hotonta ta nuna maka, tun da ka ce saƙon murya ba ya shiga kunnenka.

Kawu, taimako nake nema. Ka san tuƙi aka kawo ni yi. To kafil ɗina, wato maigidan da nake yi wa aiki, Nasir, ya ɗauko mahaifiyarsa daga Abha, can kudu cikin duwatsu inda ake sanyi, saboda ɓarin jikinta ya shanye, likitanta kuma yana nan Riyad. Ummu Nasir muke ce mata. Tun da ta zo ba ta da zance sai na itatuwan garinsu, waɗanda suke kira ar'ar. Shi ne ya je ya sayo mata guda bakwai a tukwane, 'yan gajejjeru, ba su wuce gwiwata ba, wai irinsu ba ya tsawo. Ganyensu kamar allura, kore shar, an ce rani da damina ba ya kaɗewa.

Bakina ne ya ja mini. Na ce kawuna ya yi shekara talatin yana dashen irinsu a gandun dajin Afaka. Nasir ya ce, "Halas, shi ke nan, kai ne mai lambu."

Lambun kuwa taki shida ne a taki huɗu, tsakanin katanga da tagar ɗakinta. A bakin tagar take wuni kan kekenta tana kallonsu. Ina ba su ruwa safe da yamma, amma yau kwana ashirin da dashe, biyu sun fara ja daga baki-baki. Ga hotunansu nan na haɗa. Ina na kuskure?

Hutuna yana nan a watan Yuli in Allah ya yarda. A gaya wa Inna, a gaishe ta.

Ɗanka,
Maulud

Mando, Kaduna, 12 ga Afrilu

Maulud,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jikin Yaya Fatsuma da sauƙi, ƙafar ce dai take ɗan kumbura. Ta ji zancen Yuli, ta yi murna.

Na ga hotunan. Ba irin namu na Afaka ba ne, amma 'yan gida ɗaya ne, hali guda. Ruwan safe da yamman nan ka bari, kashe su kake yi. Cusa yatsanka cikin ƙasa, in ka ji laima ka ƙyale su, saiwarsu ba ta son kwana cikin ruwa. Ɗanɗana ruwan famfon ma. In akwai gishiri-gishiri, ka ba su irin wanda masu gidan suke sha. Katangar can da na gani, zafi take kwasa da rana ta juye musu, sai ka ɗaura raga ta yi musu inuwa. Ka tono guda ɗaya a hankali ka duba. In saiwar ta nannaɗe kamar gammo, warware ta da yatsu ka mayar. Kada ka kuskura ka aske su har cikin tsohon reshe. Ba darbejiya ba ce, inda ka yanke ba ya sake tohowa.

Wanda ya yi ja, kankare ɓawonsa da farce. In ka ga kore a ciki, da sauran rai.

Sai kuma gaskiya. Itacen dutse ne da sanyi, kuma yanzu zafinku yake farawa. Yi iyakar yinka, amma kada ka yi wa kowa alkawari. Nan gaba kuma ka rage cika baki da sunana.

Allah ya yi albarka.

Kawunka,
Isiyaku

Riyad, 21 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna, ban sami labari mai daɗi da zan ba ka ba.

Duk abin da ka ce na yi. Na ɗaura raga, na canza ruwa, na warware saiwoyi. Huɗu sun mutu duk da haka. In na taɓa su ganyen zubowa yake yi a hannuna kamar dusa. Da azahar ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa a garin nan, iskar ma kamar daga bakin murhu take fitowa. Ukun da suka rage, waɗanda suke kusa da taga ne. Ɗaya ma ya yi sabon toho kamar tsawon farce. Da na nuna wa Ummu Nasir, ta sa na murza ganyen na kai mata hanci. Ta daɗe idonta a rufe.

Wannan tohon shi ya ɗaure ni. Na je wa Nasir da zancen hutu, ya ce, "Wa zai kula da su in ka tafi? Bayan zafi, sai Oktoba." Na roƙe shi, ya ce uwarsa ba ta cin abinci sai an tura ta bakin tagar nan. Bai yi mini tsawa ba, Kawu, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ba ni da hanyar fita ƙasar sai ya buga mini biza.

Yanzu ga tambayata. Jiya na matsa wa Zuhura, ta fashe da kuka, ta ce sau biyu ana kwantar da Inna a asibiti tun watan Mayu. In na kira, Inna ta ce mini barci ne a muryarta. Don Allah ka gaya mini abin da ake ciki.

Ɗanka,
Maulud

Mando, 22 ga Yuni

Maulud,

Wa alaikumus salam. Na yi maka laifi, ka yafe mini. Ita ta hana a faɗa maka, ni kuma ƙaninta ne, ban taɓa iya tsallake maganarta ba.

Ƙoda ce. Ana yi mata wanki sau biyu a mako, amma jikin ba ya ɗauka. Na tambayi likita ko za ta kai Oktoba, ya ce rai na Allah ne, sai dai in akwai ɗa a nesa a kira shi.

Ba zan ce ka gudu daga gidan mutane ba, na san abin da hakan yake jawowa a can. Ba zan ce ka bar itatuwan su mutu da gangan ba, amana ce. Na kwana ina juya abin, ban ga ƙofa ba. Ka sake roƙonsa. Mu muna addu'a.

Kawunka,
Isiyaku

Riyad, 27 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Na sake roƙonsa har sau biyu. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce Oktoba ba nisa.

Ranar Talata da safe ina durƙushe ina duba ƙasa, ban san hawaye nake yi ba, sai na ji ana buga gilashi. Ummu Nasir ce. Bakinta a karkace yake, sai an kasa kunne. Ta ce, "Me ya same ka?" Na harhaɗa ɗan Larabcina na ce uwata ba lafiya, ƙila ba zan same ta ba. Ta ce, "Me ya hana ka tafiya?" Idona ya kai kan itatuwan, ta kuwa gani.

Da Nasir ya dawo cin abincin rana ta sa aka kira ni. A gabana ta roƙe shi ya sake ni. Ya sumbaci kanta ya ce, "Bayan zafi, Yumma." Haka suke kiran uwa. Ta ce, "Haka ka ce mini a kan komawa Abha." Sai ta nuna taga da hannunta mai lafiya ta ce, "A cire su. Ba na so. Ba ƙamshin garinmu suke yi ba."

Kawu, ni na ga fuskarta ranar da ta shinshina ganyen nan. Nasir ya ce, "Yumma, sun fa kama." Ta ce, "Yau za a cire." Ya dube ni kamar ni na kitsa, sannan ya ɗaga kafaɗa ya ce in cire, gobe a shimfiɗa ciyawar roba.

Da hannuna na tumɓuke su. Saiwoyin farare tas, sababbi, sun riƙe ƙasa sai da na sa ƙarfi. Na so in mayar da su tukwane, ta ce a fitar da su daga gidan. Tun ranar ta sa an ja labule. Mai yi mata hidima ta ce shayi kawai take kurɓa. Na je yi mata godiya, ta juya fuska bango.

Ya buga mini bizar fita da dawowa. Jirgin da aka samu sai ranar shida ga Yuli, zan sauka Kano da rana. Kwana tara ke nan. Na tambaya ko akwai na kusa, babu. Ka gaya wa Inna ranar, ka maimaita mata.

Ɗanka,
Maulud

Mando, 4 ga Yuli

Maulud,

Wa alaikumus salam. Na gaya mata, ta riƙe ranar. Jiya ta sa Zuhura ta yi mata kitso. Yau ba ta yi magana sosai ba.

In ka sauka, kada ka tsaya gaisuwa gidan kowa a Kano, kada ka tsaya sayen tsaraba. Shiga mota ka taho. Ba gida za ka nufa ba, asibiti, an sake kwantar da ita, ɗaki na biyu a hannun dama. Zan tsaya a bakin ƙofa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kawunka,
Isiyaku