Muryar da Na Yi Wata Biyar Ina Yi wa Magani

Marwan, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Makka, ya galbi, zuciyata,

Ranar Talatar nan da ka ajiye mini wayarka a kan firji, ka ce in saurari waƙoƙi bakwai da kuka yi kai da abokinka, in ban so ba ka goge su, ranar na gane ban gama sanin mijina ba. Wata biyar kana dawowa da dasasshiyar murya, ni kuwa ina dafa maka citta da zuma, ina tsine wa sanyin bas ɗin da kake tuƙawa. Ashe idan ka sauke fasinja, filin Arfa kake kai motar, inda ba kowa sai bishiyoyin darbejiya, ka rufe ƙofa ka yi ta ruri kana ɗauka a waya.

Ta farko ta tsorata ni, ba zan ɓoye ba. Gangunan abokinka Talal suna zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, sai wata murya ta taso kamar daga ƙarƙashin dutse. Wannan ne mutumin da sai na matso nake jin sallamarsa? Can sai jita biyu suka shigo tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna shawagi kamar tattabaru bisa hadari, tsigar jikina ta tashi. Wannan irin kiɗan kuke kira melodik des metal? Duk littattafan soyayyar da na karance, babu jarumin da ya taɓa buɗe ƙirjinsa haka.

Ta huɗu ta yi tsawo, kuma ganga ta danne jita, ka faɗa wa Talal. Amma ta biyar! Sau uku na maimaita kafin na gane Hausa ce. Sunayen maƙwabtanku na unguwar Nakkasa kake kira, gida-gida, daga gindin tudu har ƙofar kakarka. Ka tuna ranar da aka yi wa unguwar rusau, muna tsaye, kana rungume da tukunyarta, ba ka ce uffan ba? Na ɗauka taurin zuciya ne. Ka yafe mini, ashe nan ka ajiye kukan.

Na san tsoronka, kada in ce muryar aljanu ce in guje ka. Ina zan je, habibi? Taka ce ni, da shirunka da rurinka, har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Kada ka goge ko ɗaya. Ranar Alhamis zan bi ka Arfa, in zauna a kujerar baya da filas ɗin citta.

Matarka,
Tahani