Albashin Ambulan Ya Hana Ni Ɗauko Matata

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfaninmu mai kawo marasa lafiya asibitocin Alƙahira, unguwar Dokki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranka ya daɗe, na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda na gaji da ɗumama benci a ƙofar ofishinka. Ni ne tafintanka, shekara huɗu ina tarbo marasa lafiya a filin jirgi, ina tsayawa tsakaninsu da likita. Ba zan kama sunanka ba, albarkacin furfurarka da mutuncin da ke tsakaninka da mahaifina.

1. Ranar da ka ɗauke ni aiki ban nemi takarda ba. Kai ɗan garinmu ne, sa'an babana, sai na ga neman takarda a gabanka rashin kunya ne. Wannan wautata ce, na ɗauka. Da wata ya ƙare, kashi ɗaya cikin uku na albashina ya shiga banki, sauran kuma akanta ya miƙo mini tsabarsu a cikin ambulan, wai don kuɗin inshorar da kamfani ke biya su ragu. Na yi shiru, tunda kuɗina sun cika.

2. Shekara biyu ke nan da aurena da Bilkisu, amma zaman da muka yi wuri ɗaya bai kai wata biyu ba. Bana na kama ciki da falo a Giza, har labule na sa, na kai takardu ofishin shige da fice don a ba ta biza da izinin zama. Aka nemi shaidar albashi daga wurin aiki. Takardar da ka sa wa hannu, kashi ɗayan nan kawai ta nuna. Ma'aikaciyar ofishin ta duba, ta ɗago ta dube ni, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, wannan ko hayar gidan ba zai biya ba, to me matar za ta ci? Ban ga laifinta ba. A takarda ni matsiyaci ne, alhali abin da nake samu ya wuce abin da suke nema.

3. Na dawo na roƙe ka ka rubuta gaskiya. Wata uku kana ce mini bukra, wato gobe. Ƙarshe ka ce in ka rubuta tawa, asirin sauran ma'aikata zai tonu. Maimakon haka ka nuna mini wani dillali da zai buga mini takardar wani kamfani na bogi, a riƙa cire kuɗinsa a albashina. Wallahi, Alhaji, ƙyama ta kama ni ranar. Kai ke ja mana sallar Azahar a ofis, amma gaskiya ce ta gagari alƙalaminka, ƙarya kuwa har ka nemo mini ragi a kanta. Kuma in an kama, ni za a tasa ƙeyata, Bilkisu kuma a rufe mata ƙofa.

4. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyar da ka yi a gaban akanta da direba, ka ce gaggawar me nake yi, ai gwauro ya fi aiki, ba mai kiran sa ya dawo gida. Ka faɗi haka, sannan ka shiga mota ka nufi unguwar Ma'adi inda iyalinka ke jiran ka da abinci.

Surukina dattijo ne mai kawaici, amma ya kira ni. Ya ce kafin Babbar Sallah ko in ɗauke Bilkisu, ko in dawo gida in zauna da ita, ko in sawwaƙe mata.

Buƙatata ba rance ba ce, ba kuma ƙarin albashi ba. Ka rubuta cikakken abin da kake biya na, ka sa hannu da hatimi, ka mayar da shi duka ta banki, ka gyara rajistar inshorata. In hakan ya yi maka nauyi, ka nemi wani tafintan tun yanzu, don kada marasa lafiya su tagayyara, su ba su yi mini komai ba. Zan bar aikin in koma gida. Tun watan jiya Bilkisu ta daina tambaya ta yaushe za ta zo, muna gaisawa kawai ta ajiye waya. Wannan shirun nata ya fi wa'adin mahaifinta tsorata ni.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsarkake dukiyarka, kada Ya raba ka da iyalinka ko na kwana ɗaya.

Wassalam.
Tafintanka, daga Giza.