Wankakken Allon Hansai

Bloomsbury, Landan,
7 ga Disamba, 1975.

Zuwa ga Gwaggo Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da dukan mutanen gida da yaran makarantarki. Allah ya ƙara miki lafiya da haƙurin koyarwa, ya kai mu Babbar Sallah da rai, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi. Baba yana ta fama da kwas ɗinsa, ya ce tun da kuɗin mai ya shigo babu ma'aikatar da ba ta turo mutum ba, har in ya shiga ɗakin cin abinci na kwalejin sai ya ji kamar yana sakatariyar Kaduna. Inna lafiya, sai ƙorafin cewa ranar garin nan ba ta da zuciya, ana la'asar ta gudu. Ni kuma ina zuwa makarantar 'yan mata ta nan kusa, na fara gane maganarsu, ko da yake har yanzu ban cika ɗaga hannu a aji ba.

Gwaggo, na san Baba ya rubuto miki cewa mai yiwuwa a turo miki ƙanwata Hansai bayan Sallah tare da iyalin Alhaji Maje, abokin aikinsa da ya gama kwas. Ya ce ni zan rubuto miki yadda aka ƙare, tunda a gabana aka yi komai. Ki yi haƙuri in faro daga farko, don ke kika hana mu fara labari daga ƙarshe.

Kin san amosanin jinin Hansai ba ya shiri da sanyi. Da muka zo likita ya duba ta, ya ce fitar sassafe a hunturun nan za ta riƙa kwantar da ita, shi ya sa Baba ya yanke cewa ta yi karatu a gida. Inna ta ɗauki Alƙur'ani da karatun Hausa da lissafi, ni da Baba muka ɗauki Turanci da yamma. Ashe a nan ba a yin haka shiru. Hukumar unguwa, wadda suke kira kansil, sai ta turo mutum ya tabbata yaron yana karatu da gaske, in ba su gamsu ba su ba da umarni a kai shi makaranta. Baba ya ce in har ta kai ga haka, gara Hansai ta koma wurinki da a riƙa fita da ita cikin wannan sanyi. Ni na san abin da ke ran Inna, domin a nan ne aka fara samun likitan da ya san ciwon sosai, kuma Hansai ba ta taɓa kwana nesa da ita ba.

Bayan ƙaramar Sallah sai ga takarda cewa wata mata za ta zo. Kin san Inna da allo. Banda na Alƙur'ani da muka zo da shi, ta sa Baba ya samo wani katako ya goge, a kansa take rubuta wa Hansai lissafi da karatun boko da tawada, in ta iya a wanke a yi ƙari, kamar dai yadda aka yi mata a zauren Malam. To da jin baƙuwa za ta zo, sai ta zaunar da Hansai ta yi ta bi da ita har ta haddace duk abin da ke kan allunan biyu, sannan ta wanke su tas, ta shanya kusa da hita, abin ɗumama ɗaki. Cewa ta yi ba za a zo a sami 'yarta da tsohon karatu a allo ba kamar wata daƙiƙiya.

Matar ta zo da safe, doguwa ce mai jan hanci saboda sanyi, da laima da jaka. Ta ce mu kira ta Jane kawai, amma wa zai iya kiran babba da sunanta gatsal? Ni Malama Jane nake cewa, Inna kuwa Mai Laima take ce mata. Baba yana da lacca, don haka na nemi izini a makaranta na zauna yin tafinta. Ta ce a nuna mata aikin Hansai. Inna ta ɗauko allunan nan fes ta miƙa mata da hannu biyu. Malama Jane ta duba gaba, ta juya baya, ta sake juyowa, ta dube ni. Na ce mata an wanke ne. Ta ce me ya sa, na ce saboda ta iya. Ta ce to ta yaya ita za ta san ta iya, ni kuwa ban taɓa tunanin wankakken allo yana bukatar shaida ba. Ta juya ta yi wa Hansai tambayoyi, Hansai ta sunkuyar da kai ta ƙi cewa uffan, yadda aka koya mana a gaban manya. Daga nan Malama Jane ta tambayi Inna yaya take ganin ƙoƙarin yarinyar. Inna ta ce ai wannan ba ta san komai ba, wasa ne kawai a kanta, sai dai a yi ta haƙuri. Ni kuma na fassara daidai yadda ta faɗa, na ga matar tana rubutawa. Kafin ta tafi ta ce ba ta ga abin da za ta kai wa shugabanninta ba, amma za ta dawo farkon Disamba, kafin nan a riƙa rubuta abin da Hansai ta koya kowace rana.

Baba ya sayo littafi mai baƙin bango ya ce aikina ne. Na ɗauka abu mai sauƙi ne. Na ja layuka da rula kamar rajistar aji, na riƙa rubuta karatu an yi, lissafi an yi. Da Baba ya duba sai ya yi dariya, ya ce wannan irin rahoton ofishinsu ne, mutum ya karanta har ƙarshe bai san ko an yi aikin ba. Sai na koma tambayar Inna in na dawo daga makaranta. Ita kuma kullum amsarta ɗaya ce, wai yau ba a yi wani abin kirki ba. Ta kuma kafa mini doka biyu. Kada in rubuta cewa Hansai tana da ƙoƙari, don kada in jawo mata baki, kuma kada in rubuta ranakun ciwo, don kada Mai Laima ta samu hujja. Na zauna da biro a hannu, an hana ni yabo an hana ni kuka, na rasa me ya rage.

Abin da ya rage shi ne in tambayi Hansai da kanta, me ta sani yau wanda jiya ba ta sani ba. Gwaggo, da kin ji amsoshin! Ranar farko ta ce ta gano in aka raba lemo gida huɗu aka ci biyu daidai yake da a ci rabi, kuma ita ta ci biyun don ta tabbatar. Wata rana ta ce ta lura inuwar tagarmu ba ta taɓa gajarcewa ta shige ƙarƙashin bango kamar ta gida da azahar ba, ta tambayi Inna dalili, Inna ta ce ta bari Baba ya dawo. Da ya dawo, Baba ya ɗauki lemo da fitila yana ta juyawa don ya nuna yadda duniya take zagaya rana, ita ta gane kafin ni, na ji kunya amma na rubuta. Ta tambayi me ya sa bakin mutum yake hayaƙi a waje alhali ba wuta a cikinsa, da ko tattabarun nan suna jin Hausa. Na buɗe wani shafi a baya na tambayoyin da ba wanda ya iya amsawa, shi ya fi saurin cika. Nakan tsaya in yi tunani, shin tambayar da ba a amsa ba karatu ce? Ke da kike koyarwa shekara da shekaru, in yaro ya tashi da tambaya maimakon amsa, me kike rubutawa a littafinki? Da gaske nake son in sani.

Maganar allo ma sai da aka kai ruwa rana. Na roƙi Inna ta daina wankewa sai na dawo na kwafe. Ta ce yaron da ya iya karatu aka bar shi da shi har yamma lalaci zai koya, kuma ita ba ta taɓa jin inda aka tsare ƙari don jiran magatakarda ba. Baba ne ya raba mu. Allon boko zai jira ni, na Alƙur'ani kuwa a wanke a kan lokacinsa, ba za a kwafe aya a littafin da kowa zai taɓa ba alwala ba, sai dai in rubuta sunan sura da inda ta tsaya. Ruwan wankinsa ma Inna ba ta yarda a zuba a magudana, a tukunyar shukar furen da muka tarar a gidan take zubawa, tunda a bene muke ba mu da ƙasa. Ranakun ciwo kuma Baba ya ce in rubuta gaskiya. A watan jiya Hansai ta kwanta, ƙafafunta suka riƙe, ba a taɓa allo ba. Na rubuta haka, na ƙara da cewa tana kwance tana karanta lambobin jajayen bas ta taga tana haɗa su, domin abin da ta yi ke nan.

Ranar Alhamis da ta wuce Malama Jane ta dawo. Ta fara karanta littafin a tsaye, can sai ta zauna, har shayin da Inna ta kawo ya huce. Ta yi dariya a wurin lemo. Da ta zo ranakun ciwo ta daɗe, amma tambaya kawai ta yi ko likita ya sani. Sannan ta sake yi wa Inna tambayar nan ta farko, Inna kuwa ta sake ba ta amsar nan, har da ƙarin cewa kan yarinyar kamar dutse. Na fassara, don ba zan canza maganar Inna ba. Amma sai na ji bakina ya ci gaba, na ce a wurinmu uwa ba ta yabon ɗanta a gaban mutane, in ta ce bai san komai ba to ba a nan ake ganewa ba, a allo ake ganewa, don ba a wanke wa wanda bai iya ba. Ban taɓa yin doguwar magana haka da Baturiya ba. Ta ajiye biro ta ce tata uwar ma har ta rasu ba ta taɓa ce mata ta kyauta ba, sai dai ta faɗa wa maƙwabta a bayan idonta.

Daga nan ta ce tana so ta ga yadda ake yi. Ta rubuta lissafi a takarda, Inna ta kwafe a allo da alƙalami, Hansai ta juya mana baya ta yi shi a hankali, ta karanta amsar da Turanci ba tare da ta ɗago kai ba. Ɗaya ta kuskure, Inna ta ƙi wankewa sai da ta gyara, sannan ta kawo ruwa. Malama Jane ta ce akwai gyara. Turancin Hansai na baki yana baya, kuma ba ta haɗuwa da yara, don haka a riƙa kai ta laburare ran Asabar da rana in an sami sauƙin sanyi. Amma ta ce za ta rubuta cewa ta gamsu, Hansai ta zauna a gida har hunturu ya wuce, sannan a sake dubawa, muddin ban daina rubutun ba. Saboda haka, Gwaggo, kada ki gyara ɗaki, Hansai ba za ta biyo su Alhaji Maje ba.

Da matar ta tafi Inna ta shiga kicin. Can ta kira ni ta ce in ɗauko littafin in karanta mata da Hausa tun daga farko, ta ji irin ƙaryar da na shirya wa Mai Laima. Na tsaya a bakin ƙofa ina karantawa, ita ta ba ni baya tana yanka albasa, ba ta juyo ba har na gama. Sai ta ce na yi mantuwa. Wai ranar Talata Hansai ta yi ƙari sau biyu kafin azahar, kuma ba wanda ya biya mata na biyun. Na ce ai ba ta faɗa mini ba. Ta ce to yanzu ta faɗa, in rubuta, amma ƙanana-ƙanana, kuma kada in karanta wa yarinyar.

In Alhaji Maje zai dawo ko wani zai taho, don Allah a aiko mana da ƙaro da alƙaluma, tawadar Inna ta kusa ƙarewa. Ki gaishe da Kawu Nata'ala da Baba Hambali, da Yaya Jamilatu da jaririnta, da Khadijatu, ki ce mata ina jiran amsar takardata. A gaishe da Almu da duk 'yan ajinki. Baba da Inna suna gaishe ki ƙwarai, Hansai ta ce a ci mata naman Sallah. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce 'yarki mai biyayya,
Zinatu.