Ordinatarku ta ƙi sunan kawuna Isma'ila

Zuwa ga injiniyan da ya tsara mana manhajar rajistar manoma,

Assalamu alaikum. Ina aiki, ina iyali? Ni ne Hamidu, mai shigar da sunaye a ordinatar, wato kwamfutar, ƙungiyar manoma a nan Filinge. Sau uku ina aika saƙo ta hannun shugabanmu, shiru, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Duk sunan da ke da ɗan wakafin nan na sama, kamar Sa'idu ko Rabi'atu, da na danna sai allo ya daskare. Ranar kasuwa kawuna Isma'ila, wanda ya rene ni, ya zo a amalanke don a rubuta shi cikin masu samun irin hatsi mai saurin nuna. Na yi ta gwadawa har la'asar. Da na cire wakafin ordinatar ta karɓa, amma wurin rabo aka ce sunan bai dace da katin shaidarsa ba. Ya koma gida hannu rabbana. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na ɗan taɓa karatun ordinatar a Yamai, na san ciwon. Kun liƙa sunan mutum cikin umarnin da ke zuwa ma'ajiyar bayanai, sai wakafin ya tsinke umarnin. Ku ba sunan gurbinsa daban.

Na biyu. Jerin garuruwa kun binne shi cikin manhajar, ba ni da ikon ƙara ko harafi. Tungayen yankinmu na Kurfai da yawa ba sa ciki, kuma allo ba ya wucewa sai na zaɓi gari. Dole nake jingina mutane ga garin da ba nasu ba, iri ya sauka can. Wani lokacin ma garin wanda na gama rubutawa ke maƙalewa ga mai bi masa, don gurbin ba ya share kansa.

Ranka ya daɗe, kai kana Yamai, ni nake zaune gaban jama'a. In na rubuta gaskiya na'ura ta ƙi, in na rubuta ƙarya mutum ya rasa. Barin aikin kuma ba zan iya ba, kada a ce na gudu bayan na ɓata.

Roƙona: ku raba suna da umarni, ku fitar da jerin garuruwa inda za mu iya gyarawa, kuma ku gwada da sunayenmu kafin ku aiko. Hadari ya fara haɗuwa, shuka ba ta jira.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a iliminka.

Wassalam.

Hamidu, Filinge