Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Hajiya Oumou, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Bara ɗana na fari ya rasu, mota ta buge shi a kan zemijan ɗinsa, babur ɗin da yake haya da shi, a hanyar Adidogomé. Mutanen Zongo sun yi mini kara, har sadakar arba'in ban ɗora tukunya ba. Amma da hawaye ya zubo sai a ce in yi shiru, kuka na ƙona mamaci, kuma ɗan fari ne, ina kunyata? Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. Na haɗiye abin, barci ya ƙaurace mini, na koma wa tramol da ƙwayar barci.

Akuvi, maƙwabciyar rumfata a kasuwar Assigamé, ita ta gane, ganin ina yanka atamfa a karkace. Kirista ce. Ba ta yi mini faɗa ba, ta kai ni wani zaure a harabar cocinsu, inda iyayen da suka rasa 'ya'ya ke zama duk Asabar tare da wata nas. Ba ibada ake yi ba, hira ce. Aka tambaye ni sunan ɗan nawa, na ce Zaidu. Na yi kuka har na gode Allah, ba wanda ya ce in yi shiru. Nas ɗin ta haɗa ni da likita, yau wata da watanni rabona da ƙwaya. Allah ya saka musu.

To, yayana Ilyas ya ji a majalisa wai ƙanwarsa ta fara zuwa coci. Ya rantse in na sake taka wurin, ba ni ba shi. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mijina, ba na son ɓacin ransa. Amma in na daina zuwa, na san ƙwaya na nan tana jirana.

Uwa mai godiya, Zongo.

Uwar Zaidu,

Allah ya ba ki ladan haƙuri. Kada ki daina zuwa, kada kuma ki saki likita. Ba a sakin reshe a kama ganye.

Amma ki yi wa Ilyas adalci. Tsoron addininki yake ji, kuma rabin labari ya samu. Na tabbata bai san da ƙwayar ba. Ki faɗa masa, ko da kunya za ta kashe ki. Ki nemi malamin da yake ganin girmansa ya zauna da ku, ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Sannan ki roƙe shi ya raka ki ranar Asabar, gani ya kori ji.

In harabar ce ke damunsa, ki tambayi nas ɗin ko za ta riƙa zuwa tsakar gidanku. Ba ke kaɗai ce uwar da aka hana kuka a Zongo ba.

Ki gaishe mini da Akuvi. Allah ya jiƙan Zaidu. Ki ce amin, ki kuma kira sunan da ƙarfi.

Hajiya Oumou